Yadda Sabon Likitan Fisiyo Zai Fara Aikin Bin Majinyata Gida-Gida

Waɗanda suka kammala karatun fisiyo, wato jinya ta hanyar gashi da motsa jiki, kwanan nan sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: an ɗauke su aiki a sashen da ke bin majinyata har gida domin farfaɗo da su, ba su taɓa yin aiki babu babba a kusa ba, to ta ina za su fara? Tambayar tana da tushe. A asibiti majinyaci ne baƙonka, gadon da ake ɗagawa a sauke yana nan, nas tana kusa, likita kuma kira ɗaya ne. A gida kuwa kai ne baƙo, kujerar da ka tarar da ita za ka yi aiki, kuma idan abu ya faru babu abokin aikin da zai leƙo. Abin da na ga yana tsare sabon ma'aikaci a wannan hali shi ne bin matakai bisa jerinsu, da sanin wanda zai kira idan al'amari ya shige masa duhu. Ga matakan kamar yadda suke zuwa.

1. Takardu da kuɗi kafin ranar farko

Kada ka taɓa majinyaci da sunan ƙwararre sai rajistarka ta fito daga hukumar da ke kula da sana'ar a ƙasar da za ka yi aiki, kamar HCPC a Birtaniya ko MRTB a Najeriya. Shaidar kammala jami'a ba ta maye gurbin lasisi. Ka tabbatar kuma kana da inshorar da za ta tsaya maka idan aka yi ƙarar ka kan aiki, ko dai ta hannun ma'aikatarka ko ta ƙungiyar ƙwararru, kuma ka ga hakan a rubuce.

Kuɗin da ke cin sababbin ma'aikata ba su ankara ba shi ne na zirga-zirga. Ka tambaya tun kafin ka sa hannu: wa ke biyan kuɗin mai ko na mota, bisa nisa ake lissafawa ko kuɗi ne tsayayye, kuma yaushe ake biya? Idan da abin hawanka za ka yi aiki, ka duba ko inshorarsa ta amince da tafiyar aiki, domin wadda aka yanka don zuwa ofis da komawa gida sau da yawa ba ta haɗawa da yawo tsakanin gidajen majinyata. Ka fara rubuta nisan kowace tafiya tun ranar farko. Wanda ya bari sai ƙarshen wata zai yi ta kame-kame, kuma shi ne zai yi asara.

2. Makonnin farko: bi na gaba da kai

Ka nemi a haɗa ka da wanda zai riƙa duba aikinka, a kuma tsayar da lokacin zama da shi, a ƙalla sau ɗaya a mako a watannin farko. Kafin a ba ka naka majinyatan, ka raka tsofaffin ma'aikata ziyara, har da waɗanda ba 'yan fisiyo ba: nas, mai koyar da ayyukan yau da kullum, mai gyaran magana da haɗiya, da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Yini guda tare da kowannensu zai nuna maka abin da za ka tura masa daga baya.

Abubuwa huɗu ne za ka fita da amsarsu a rubuce kafin ka fara fita kai kaɗai: irin majinyatan da sashen ke karɓa da waɗanda ba ya karɓa, lambar wanda za ka kira idan kana cikin gida kana neman shawara nan take, yadda ake odar kayan tafiya da wanda ke biyan kuɗinsu, da abin da ake yi idan ka buga ƙofa ba a amsa ba. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali dattijon da ke zaune shi kaɗai, wanda ya san da zuwanka amma bai buɗe ba, mai yiwuwa yana kwance a ƙasa ne.

Gargaɗi: idan aka ba ka majinyacin da ya fi ƙarfin saninka, misali mai bututun numfashi a maƙogwaro ko mai raunin laka wanda ba ka taɓa kula da irinsa ba, ka faɗa tun a ofis, ka nemi ziyarar haɗin gwiwa. Mai tambaya ba ya ɓata.

3. Jakar aiki

Abin da ba ka ɗauko ba, babu inda za ka aro shi. A jakar a samu na'urar awon jini da madaurin hannu iri biyu, matsakaici da babba, domin ƙaramin madauri a kan ƙaton damtse yana ba da lamba sama da ta gaskiya. A samu 'yar na'urar yatsa mai auna iskar oksijin da bugun zuciya, ma'aunin zafin jiki, abin sauraren ƙirji, tef ɗin awo, ma'aunin kusurwar gaɓa, agogon ƙidaya daƙiƙa, robobin motsa jiki masu ƙarfi daban-daban, safar hannu, man tsabtace hannu, ƙyallen goge kayan aiki, da robar ƙasan sanda guda biyu ko uku na canji. Ka ƙara da batirin ajiya da abin cajin waya. Mafi yawan wannan ma'aikata ce ya kamata ta bayar, saboda haka ka tambaya kafin ka kashe kuɗinka. Abin da na fi ba da shawarar mutum ya saya wa kansa shi ne takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, da jakar goyo wadda za ta bar hannuwansa biyu a sake.

4. Kafin ka bar ofis

Ka karanta takardar da aka turo majinyacin da ita kalma bayan kalma. Ka nemi cutar da aka gano, ranar tiyata idan an yi, magunguna, da kuma umarnin likitan tiyata game da ɗora nauyi a kan ƙafa: an hana gaba ɗaya ne, an yarda da kaɗan, ko an sake shi? Idan takardar ba ta faɗa ba, ka kira wanda ya rubuta ta. Kada ka dogara da abin da majinyaci ya tuna an gaya masa ranar sallama, domin a ranar hankalinsa yana kan komawa gida.

Daga nan ka kira majinyacin ko mai kula da shi. Ka tabbatar da adireshi da lokaci, ka tambayi yadda ake shiga, wa zai kasance a gidan, ko akwai kare ko wani mai cuta mai yaɗuwa, ka kuma roƙi a tara maka duk magungunan da yake sha a wuri ɗaya.

Ka jera ziyarce-ziyarce bisa kusancin gidaje, amma larurar majinyaci tana gaba da sauƙin hanya. Mai cutar Fakinsan, wadda ke sa karkarwa da taurin jiki, alal misali, ya fi kyau ka same shi a lokacin da maganinsa ke aiki, mai yawan gajiya kuma da hantsi. Ziyarar farko takan ci sa'a guda ko fiye, ban da tafiya da rubutu, don haka sabon ma'aikacin da ya jera sababbin majinyata biyar a yini ɗaya zai ƙare da gaggawa a wurin na huɗu.

Gargaɗi: kada ka fita ba tare da wani a ofis ya san gidajen da za ka da lokacin da ake sa ran dawowarka ba. Ka ajiye abin hawa yana fuskantar hanyar fita, ka zauna inda ƙofa ba ta yi maka nisa ba, kuma idan ka shiga ka ji hankalinka bai kwanta ba, saboda maye ko barazana ko wani abu, ka fita. Ba a bin ka bashin bayani a wannan lokacin. Bayanin a ofis za ka yi shi.

5. Shiga gida da tambayoyi

Ka gabatar da kanka, ka nuna katin aiki, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka taɓa mutum ko ka leƙa ɗakin kwanansa. Binciken yana farawa ne tun daga bakin ƙofa. Wa ya buɗe? Idan majinyacin ne, da me ya dogara, kuma bango da kujeru yake dafawa ko sandar da aka ba shi? Sau da yawa za ka hangi sandar jingine a lungu ta yi ƙura, wannan kuwa ya fi duk amsar da zai ba ka.

Bayan tarihin ciwon, ka bi yininsa daga farkawa zuwa kwanciya: yadda yake sauka daga gado, yadda yake zuwa banɗaki da dare, wanka, sa tufafi, da wanda ke taimaka masa a kowanne. Ka tambayi faɗuwa kai tsaye: sau nawa cikin watanni 12 da suka wuce, a ina, yana me, ya ji jiri kafin nan, ya iya tashi da kansa, kuma tsawon wane lokaci ya yi a ƙasa? Tsofaffi da yawa suna ɓoye faɗuwa saboda tsoron kada a hana su zaman kansu, shi ya sa nakan sake tambayar da wata siga: “Kun taɓa zamewa, ko kuka tsinci kanku a ƙasa ba da niyya ba?” Amsar takan canza.

Sannan ka zagaya tare da shi. Ka auna tsayin gado, kujera da mazaunin banɗaki, ka auna faɗin ƙofofi, ka duba darduma mai naɗewa, wayoyin lantarki a hanya, dakalin ƙofa, santsin ƙasa, da haske tsakanin gado da banɗaki.

A watana na biyu na yi wa wata dattijuwa odar firam ɗin tafiya (ƙarfen da ake dafawa da hannu biyu a yi tafiya) mai taya, bayan na gwada ta da irinsa a falo na ga tafiyarta ta yi kyau. Da na dawo bayan mako guda na tarar da shi a bakin ƙofar banɗaki, ita kuma tana shiga tana dafa bango, domin ƙofar ta fi firam ɗin ƙunci da kamar yatsu biyu. Tef ɗin awo yana cikin jakata a ranar farko, ban dai fito da shi ba. Ka ga ke nan wurin da ta fi fuskantar haɗarin faɗuwa shi ne wurin da kayan da na ba ta ba ya shiga.

6. Awo kafin motsi

Kafin ka tayar da kowa tsaye, ka auna jini, bugun zuciya, oksijin, yawan numfashi, da zafin jiki idan akwai alamar rashin lafiya. Ga wanda ya taɓa faɗuwa ko yake kukan jiri, ka auna jininsa a kwance da a tsaye: ya kwanta minti 5 ka auna, ya miƙe ka auna a minti na 1 da na 3. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, jininsa yana faɗuwa idan ya tashi, kuma sai likitansa ya ji, domin sau da yawa magunguna ne sanadi. Duk motsa jikin duniya ba zai hana faɗuwar wanda idonsa ke yin duhu idan ya miƙe ba.

Ga yawancin mutane ana son oksijin tsakanin kashi 94 zuwa 98 cikin 100, ga wasu masu daɗaɗɗiyar cutar toshewar huhu kuma 88 zuwa 92, gwargwadon abin da likitansu ya tsayar. Na'urar yatsa tana ruɗuwa da sanyin hannu da jan farce, kuma a kan fata mai duhu tana iya nuna lamba sama da ta gaskiya, saboda haka idan mutum yana haki amma lambar ta yi kyau, ka gaskata idonka. Ka san iyakar hawan jinin da sashenku ya tsayar don dakatar da motsa jiki. Wurare da yawa suna sa ta a wajen 180 bisa 110 a lokacin hutu.

Gargaɗi: akwai alamomin da ke soke shirin ranar nan take. Karkacewar fuska, mutuwar hannu ko sarƙewar magana da suka zo farat ɗaya. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kwatsam. Ciwon baya tare da daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko kasa yin fitsari, ko kasa riƙe bayan gida. Duk waɗannan na gaggawa ne, ka kira motar asibiti, ka zauna da shi har ta zo. Kumburi, zafi da ciwo a sha-raɓar ƙafa ɗaya, musamman bayan tiyata, na iya zama gudan jini, don haka kada ka murza, kada ka sa shi atisaye, likita ya gan shi a ranar. Haka ma tsohon da iyalinsa suka ce daga jiya zuwa yau ya rikice ba kamar yadda suka san shi ba. Kada ka ce tsufa ne.

7. Gwajin da za ka iya maimaitawa

Ka zaɓi gwaji biyu ko uku da suka dace da matsalar, ka yi su a ziyarar farko, domin da su za ka nuna ci gaba ko rashinsa. Gwajin TUG ya fi sauƙi a gida: mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, kana ƙidaya daƙiƙoƙi; hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa ga tsofaffi. Akwai ƙidayar sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafawa ba. Ma'aunin Berg na daidaiton tsayuwa yana da ayyuka 14 da maki 56, ma'aunin Barthel kuma yana duba ayyukan yau da kullum guda 10. Ƙarfin tsoka ana ba shi maki daga 0 zuwa 5.

Kuskuren da aka fi yi shi ne canza yanayin gwaji. Idan ka gwada shi yau a kujera mai tsayi da takalmi, bayan wata guda kuma a lumtsumemiyar kujera ba takalmi, lambobin biyu ba su da alaƙa. Ka rubuta wace kujera ce, tsayinta nawa, da sanda ko babu. A duk lokacin gwaji ka tsaya a ɓangarensa mai rauni, ɗan baya kaɗan.

8. Manufa da atisaye

Tsarin ICF da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001 yana duban mutum ta fuskar abin da yake iya yi da shigarsa cikin harkokin rayuwa, kuma aikin gida a nan ya fi karkata. Lanƙwasa gwiwa zuwa digiri 110 manufarka ce; tasa ita ce ya hau matakala zuwa ɗakinsa, ko ya yi wanka ba tare da an riƙe shi ba. Ka tambaye shi abin da ya fi kewa, ku mayar da shi abin da za a iya aunawa da wa'adi: “Cikin mako 4 zan je banɗaki da dare da sanda ba tare da na tashi kowa ba.”

Ka tuna cewa mako yana da sa'o'i 168, kai kuma wataƙila ɗaya kake samu a ciki. Warkewar tana faruwa ne a sauran, lokacin da ba ka nan. Saboda haka atisaye uku ko huɗu da zai yi kullum sun fi goma da zai ajiye a ƙarƙashin matashi. Ka nuna, ya yi a gabanka, ka gyara, ka bar masa hoto ko manyan haruffa, ka kuma ɗaura kowane atisaye a kan abin da ya saba yi, kamar tashi da zama sau goma kafin kowane cin abinci. Ga rigakafin faɗuwa, shirin Otago da aka tsara a Niyu Zilan abin koyi ne: atisayen ƙarfi da daidaito sau 3 a mako, tafiya a ƙalla sau 2, ana ƙara wahala a hankali. Wannan ƙarin shi ne sababbin ma'aikata ke jin tsoro, sai su bar mutum a kan abu ɗaya wata biyu. Idan atisaye ya daina ba shi wuya, ya daina ƙara masa komai.

Ka koyar da mai kula da shi kamar yadda ka koyar da shi. Iyali masu tausayi sukan yi wa majinyaci komai har ya manta yadda ake yi, kuma sai an zauna an yi musu bayani cikin ladabi.

Gargaɗi: ga mai shanyewar ɓarin jiki, kada kowa ya ja shi ta hannun da ya mutu ko ya ɗaga shi ta hammata, domin kafaɗar tana iya gocewa ta bar masa ciwon da zai daɗe. Ka nuna wa iyali wannan tun ziyarar farko. Ga wanda aka canza wa gaɓar ƙugu, ka bi ƙa'idar likitan da ya yi aikin. Wasu suna hana lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90 da harɗe ƙafafu na wasu makonni, wasu ba sa hanawa. Ga wanda ya daɗe a kwance, ka duba fatar dunduniya da ƙashin mazaunai saboda gyambon kwanciya, ka sanar da nas idan ka ga jan da ba ya gushewa ko wurin da launinsa ya canza.

9. Sanda, firam da matakala

Mutum ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, hannuwa a sake. Mariƙin sanda ya zo daidai layin wuyan hannunsa, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe idan ya riƙe. Ana riƙe sanda a hannun da ke kishiyar ƙafar mai ciwo. A matakala, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo da sanda su fara sauka. Kai kuma kana bayansa wajen hawa, kana gabansa wajen sauka. Ka duba robar ƙasa a kowace ziyara, ka kuma duba iyakar nauyin da aka rubuta a jikin kayan. Kada ya ja firam domin ya miƙe: hannun kujera zai dafa ya tashi, sannan ya kama firam.

Idan ya fara sulalewa a hannunka, kada ka yi ƙoƙarin riƙe nauyinsa duka, ka kare kansa ka bi shi a hankali zuwa ƙasa. Ka duba rauni kafin a motsa shi, kuma kada ka ɗaga shi kai kaɗai.

10. Rubutu a ranar

Ka rubuta bayanin kowace ziyara a ranar da ka yi ta, bisa tsarin SOAP da ka koya a makaranta: abin da ya faɗa, abin da ka auna, fahimtarka, da shirin gaba. Kashi na uku ne sababbi ke tsallakewa, alhali shi ne ke nuna dalilin abin da ka yi. Ka rubuta izinin da ya bayar, wanda ya halarta, duk kiran da ka yi da sunan wanda ya amsa da lokaci, da shawarar da ya ƙi bi. Kada ka bar takardun majinyata a fili cikin mota, kada kuma ka ɗauki hotonsu da wayarka ta kanka. Idan ka ga alamar ana cutar da shi ko ana sakaci da shi, ka rubuta abin da idonka ya gani ba tare da ƙari ba, ka kai wa shugabanka a ranar.

11. Sallama

Maganar sallama tun ziyarar farko ake fara ta: ka gaya masa kimanin ziyara nawa za ku yi da abin da za ku duba a ƙarshe. Rabuwa tana da wuya a wannan aiki, domin wani majinyacin kai kaɗai ne baƙon da yake gani a mako, kuma sabon ma'aikaci yakan ci gaba da zuwa saboda sabo alhali wasu suna layi. Idan an cim ma manufa, ko gwaje-gwaje sun tsaya wuri ɗaya duk da ka canza dabara ka kuma shawarci mai duba aikinka, lokaci ya yi.

Ka fara tazara tsakanin ziyarce-ziyarce kafin ka yanke. A ziyarar ƙarshe ka maimaita gwajin farko a kujerar farko, ka nuna masa lambobin biyu, ka tabbatar ya san yadda zai tashi daga ƙasa ko ya nemi taimako idan ya faɗi, ka bar masa atisayen da zai ci gaba da su da hanyar da zai bi a sake turo shi idan ya koma baya. Sannan ka aika wa likitansa takardar sallama mai ɗauke da sakamakon farko da na ƙarshe, kayan da aka ba shi, da duk abin da ya rage a bibiya, kamar batun jinin da ke faɗuwa idan ya miƙe.